Bisiluro Damolnar: Motar tseren Italiya mai kilo 450 da iska ta ture daga hanya a Le Mans

A Gidan Adana Kayan Kimiyya da Fasaha na Leonardo da Vinci da ke birnin Milan akwai wata jar mota wadda mai kallo kan daɗe a gabanta kafin ya yarda cewa mota ce. Ta fi kama da kwalekwale biyu da aka jera gefe da gefe, aka haɗa su da wani siririn faifai a tsakiya. Direba yana zama a cikin na dama, inji kuma yana cikin na hagu. Sunanta Bisiluro Damolnar, wasu kuma suna kiranta Nardi 750 Bisiluro. Guda ɗaya tak aka ƙera, a birnin Turin, domin gasar tseren sa'o'i 24 ta Le Mans ta shekarar 1955.

Motar ba ta ci gasa ba, ba ta ma yi nisa a tseren ba. Duk da haka masu tarihin motoci ba su daina waiwayarta ba, saboda ta ƙunshi dabarar da ƙananan maƙera na Italiya suka dogara da ita bayan Yaƙin Duniya na Biyu: wanda ba shi da kuɗin babban inji sai ya rage nauyi, ya kuma rage wa iska wurin kamawa. Ranar da aka jarraba wannan dabara har iyakarta ita ce ranar da aka yi hatsari mafi muni a tarihin tseren motoci, kuma abubuwan biyu tushensu ɗaya ne.

Ma'anar sunan

A harshen Italiyanci, "siluro" na nufin makamin nan mai siffar sigari da jiragen ruwan yaƙi ke harbawa ta ƙarƙashin ruwa, "bi" kuma na nufin biyu. Bisiluro ke nan tagwayen irin wannan makami. Damolnar kuwa an ɗinka shi ne daga farkon sunayen mutum uku da suka haɗa hannu a aikin: Mario Damonte, direban tsere, Carlo Mollino, masanin zanen gine-gine, da Enrico Nardi, maƙerin motoci. Lambar 750 tana nuni da ajin da motar ta shiga, wato na motocin da girman injinsu bai haura cc 750 ba.

Italiyar da ta haifi motar

Italiya ta fito daga yaƙi a 1945 masana'antunta a rushe, jama'arta cikin talauci. Turin, cibiyar kamfanin Fiat, ta sha ruwan bama-bamai. Cikin shekara goma, da taimakon kuɗin Shirin Marshall na Amurka da kuma arhar ƙwadago, masana'antu suka farfaɗo, matasa daga ƙauyukan kudu suka riƙa kwarara arewa neman aiki. A shekarar 1955 ɗin da aka ƙera Bisiluro ne Fiat ya fito da Fiat 600, ƙaramar motar da ta fara ɗora iyalan ma'aikata a kan ƙafa huɗu.

A gefen manyan kamfanoni akwai ƙananan garejoji masu yawa da ke ƙera motocin tsere da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Daga cikinsu akwai Stanguellini a Modena, Bandini a Forlì, Ermini a Florence, sai Moretti da Siata da Nardi a Turin. Masu sha'awar tarihi sun laƙaba wa motocinsu sunan "etceterini", wato 'yan ƙananan "da sauransu", saboda su ne ake lissafawa bayan an gama kiran Ferrari da Maserati da Alfa Romeo.

Yawancin waɗannan garejoji sun dogara ne da kayan Fiat, musamman na Fiat 500 Topolino da injiniya Dante Giacosa ya tsara, wadda ta fito a 1936 da inji mai cc 569 da ƙarfin doki 13 kacal. Sukan ɗauki ƙafafunta da giyarta, su walda sabon shasi da siraran bututun ƙarfe, su sa maƙera su buga bodi na alminiyum da guduma, sannan su matse injin har ya ba da ninkin abin da aka ƙera shi ya bayar. Rashin uwa, in ji Hausawa, akan yi uwar ɗaki. Wanda bai iya sayen ƙarfi ba sai ya saye gudu da sauƙin nauyi.

Mutanen uku

An haifi Enrico Nardi a Bologna a 1907. Ya yi aiki da Lancia, daga baya ya koma wurin Enzo Ferrari, inda ya kasance cikin waɗanda suka yi aikin Auto Avio Costruzioni 815, motar farko da Ferrari ya ƙera da kansa a 1940. Bayan yaƙi ya buɗe gareji a Turin tare da Renato Danese, suka riƙa ƙera ƙananan motocin tsere, wasu da injin babur na BMW. A farkon shekarun 1950 ya fara yin sitiyarin katako da alminiyum, wanda daga baya ya zama abin da duniya ta fi saninsa da shi.

Mario Damonte direba ne ɗan Turin mai shiga tsere don sha'awa. Ya san Le Mans, domin a 1953 ya lashe ajin cc 1100 a can da motar OSCA, kamfanin da 'yan'uwan Maserati suka kafa bayan sun bar kamfanin da ke ɗauke da sunansu.

Carlo Mollino shi ne baƙo a wannan sana'a. An haife shi a Turin a 1905, ɗa ga wani fitaccen injiniya, ya kuma zama malami a makarantar koyon fasaha ta Politecnico da ke birnin. Ya zana gine-gine da kujeru da tebura, ya yi ɗaukar hoto, ya rubuta littafi a kan wasan zamiyar ƙanƙara, ya kuma tuƙa jirgin sama yana wasan juyi da shi. Duk aikinsa na cike da lanƙwasa irin ta jikin halitta. Sanin jirgin sama da na zamiyar ƙanƙara ya sa ya kalli mota a matsayin jiki da ke keta iska, inda sauran maƙera ke kallonta a matsayin inji da ake yi wa sutura.

Dalilin wannan siffa

Siffar Bisiluro ta taso ne daga lissafi. Idan mota tana gudu, iska tana tare ta, kuma wannan tarewa ba ta ƙaruwa daidai da gudu. Idan aka ninka gudu sau biyu, tarewar iska na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don ya rinjaye ta kuwa na ninkuwa sau takwas. A Le Mans, inda miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne ta kai kimanin kilomita shida ba kwana, mota mai ƙaramin inji takan ƙare ƙarfinta ne wajen ture iska. Abu biyu ke rage wannan wahala: santsin siffar mota, da ƙanƙantar faɗin da take nuna wa iska ta gaba.

A motar tsere ta yau da kullum, tayoyi na gefe biyu, direba da inji na tsakiya, don haka iska na cin karo da abu uku. Tunanin Bisiluro shi ne: tun da dole a rufe tayoyin kowane gefe, me zai hana a cusa direba a tsakanin tayar gaba da ta baya ta gefe ɗaya, a cusa inji a tsakanin na ɗaya gefen? Ta haka tsakiyar motar za ta zama fayau, iska ta wuce ta samanta ba tare da cikas ba. Nauyin inji da giya a hagu kuma sai ya daidaita nauyin direba a dama, kamar kaya biyu a bayan jaki.

Ba Mollino ne ya fara wannan tunani ba. Piero Taruffi, injiniya kuma direban tsere ɗan Roma, ya ƙera motar TARF mai jiki biyu a 1948 da injin babur na Moto Guzzi, ya kafa tarihin gudu da ita. A farkon shekarun 1950 ya yi ta biyu da injin Maserati, wadda ta kusanci kilomita 300 a sa'a. Sai dai motocin Taruffi na kafa tarihi ne, suna gudu su kaɗai a miƙaƙƙiyar hanyar da aka rufe musu. Sabon abin da su Mollino suka yi shi ne shigar da wannan siffa cikin cunkoson tsere, inda akwai kwana, da dare, da wasu motoci da suka fi ta girma da gudu.

Yadda aka ƙera ta

Nardi ya walda shasin da siraran bututun ƙarfe kamar yadda ya saba. Garejin Motto da ke Turin, wanda ya yi suna wajen aikin alminiyum mara nauyi, shi ya buga bodin. Injin na kamfanin Giannini ne na birnin Roma, mai silinda huɗu, girmansa kimanin cc 735, yana ba da ƙarfin doki kusan 60. Don a gane girman wannan aiki, injin Fiat 600 da ya fito a shekarar, wanda bai gaza shi da yawa ba a girma, ƙarfinsa bai wuce doki ashirin da 'yan kai ba.

Nauyin motar gaba ɗaya kimanin kilo 450 ne, wato bai fi na babur mai ƙafa uku ɗauke da direba da fasinja ɗaya ba. Da wannan nauyi da wannan siffa an ƙiyasta za ta haura kilomita 200 a sa'a, gudun da a wancan zamani sai motoci masu inji ninkin nata ke kaiwa.

Siririn faifan da ya haɗa jikin biyu ma yana da aikinsa. A gabansa aka shimfiɗa lagireto mai lanƙwasa wanda ya bi siffar bodin, ta yadda iskar da ke wucewa za ta sanyaya ruwan inji ba tare da an buɗe wa motar babban baki ba. Mollino ya kuma tsara birkin iska a wannan sashe, wato faifan da ake ɗagawa ya tare iska idan ana son rage gudu, dabarar da aka aro daga jirgin sama. Mazaunin direba matsattse ne ƙwarai, har sai da aka yi wa sitiyarin siffar ƙwai domin ƙafafu su samu wurin shiga.

Le Mans, 11 ga Yuni 1955

Ƙungiyar Automobile Club de l'Ouest ce ke shirya gasar Le Mans a Faransa tun 1923, a kan hanyoyin jama'a da ake rufewa, zagaye ɗaya kimanin kilomita 13.5. Dokar gasar ita ce duk motoci, manya da ƙanana, su shiga fili lokaci guda. Akwai kambin wanda ya fi kowa nisa cikin sa'o'i 24, akwai na kowane aji, akwai kuma kyautar da ake lissafawa bisa nisan da mota ta yi idan aka kwatanta da girman injinta. Wannan kyauta ta ƙarshe ce ke jawo ƙananan maƙera, kuma motocin Faransa masu injin Panhard ne suka saba mamaye ajin cc 750. Su ne Bisiluro ta je ƙalubalanta, ɗauke da lamba 61, Damonte da Bafaranshe Roger Crovetto a matsayin direbobi.

Motoci 60 suka tashi da ƙarfe huɗu na yammacin Asabar. A sahun gaba ana fafatawa tsakanin Ferrari, Jaguar D-Type ta Birtaniya da Mercedes-Benz 300 SLR ta Jamus, shekara goma kacal bayan yaƙin da ƙasashen suka gwabza. Jaguar ta ninka Bisiluro kusan sau biyu a nauyi, sau huɗu a ƙarfi. A Mulsanne manyan motocin na kusantar kilomita 280 zuwa 290 a sa'a, suna shafa ƙananan kamar a tsaye suke.

Tseren Bisiluro ya ƙare tun a sa'o'in farko. Bayanin da ya shahara a tarihinta shi ne wata Jaguar D-Type ta wuce ta da gudu, guguwar iskar da ta biyo bayanta ta ture ƙaramar motar daga kan kwalta. Motocin biyu ba su taɓa juna ba. Duk wanda ya taɓa kasancewa a kan babur tirela ta wuce shi a babbar hanya ya san wannan iska: da farko ta ingiza shi waje, sannan ta janyo shi ciki. Abin da ke riƙe mota a kan hanya shi ne nauyin da ke danne tayoyinta a ƙasa. Bisiluro ta zubar da nauyin nan domin ta samu gudu, dogayen gefunanta kuma suka ba iskar gefe wurin kamawa. Siffar da aka tsara don iskar da ke zuwa ta gaba ba ta da amsar iskar da ta zo ta gefe.

Hatsarin da ya rufe labarinta

Da misalin ƙarfe shida da rabi na yammacin ranar, abin da ya fi wannan muni ya auku a gaban rumfunan 'yan kallo. Mike Hawthorn a cikin Jaguar ya wuce Lance Macklin da ke tuƙa Austin-Healey, motar da ba ta kai tasa gudu ba, sai ya taka birki domin ya shiga wurin shan mai. Macklin ya kauce hagu, ya faɗa gaban Mercedes ɗin Pierre Levegh da ke tafe da gudun da ya haura kilomita 200. Mercedes ta hau bayan Austin-Healey ta tashi sama, ta daki shingen ƙasa ta tarwatse. Injinta da wasu manyan sassanta suka keta cikin taron jama'a. Bodinta, da aka yi da gaurayen ƙarfen magnesiyum saboda rashin nauyinsa, ya kama da wutar da ruwa ke ƙara rurawa. Levegh ya mutu, tare da 'yan kallo sama da 80, wasu fiye da ɗari suka jikkata.

Abin da ya ture Bisiluro da abin da ya kashe waɗannan mutane matsala ɗaya ce: motoci masu bambancin gudu sosai a kan hanyar da aka shata don wani zamani. Wanda ya ci gasar farko a 1923 ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,200, matsakaicin gudunsa kilomita 92 a sa'a. Waɗanda suka ci ta 1955, Hawthorn da Ivor Bueb, sun yi sama da kilomita 4,100, matsakaicin gudu kilomita 172. Gudu ya kusa ninkuwa, amma hanyar da ke gaban rumfuna na nan da ƙuncinta, babu katanga tsakanin masu tsere da masu shan mai, abin da ya raba motoci da jama'a kuwa bai wuce tudun ƙasa ba.

Wa ya ɗauki alhaki

Masu shirya gasar ba su dakatar da ita ba. Hujjarsu ita ce idan aka sallami dubban 'yan kallo lokaci guda za su toshe hanyoyin da motocin asibiti ke bi. Cikin dare hukumar Mercedes ta ba da umarnin janye motocinta, alhali motar Juan Manuel Fangio da Stirling Moss ce ke kan gaba. Jaguar ta ci gaba har ta yi nasara. Binciken da hukumomin Faransa suka gudanar bai ɗora wa kowane direba laifi ba, ya dai soki tsarin filin. Ba a hukunta kowa ba.

Gwamnatoci ne suka mayar da martani. An soke manyan gasanni na wannan shekara a Faransa, Jamus ta Yamma, Sifen da Suwizalan. Suwizalan ta haramta tseren zagaye, haramcin da ya shafe sama da shekara sittin kafin a ga tseren motoci masu lantarki a Zurich a 2018. Mercedes ta bar tsere a ƙarshen 1955, ba ta sake lashe Le Mans ba sai a 1989. An rushe rumfuna da wuraren shan mai na Le Mans aka sake gina su kafin gasar 1956.

Italiya kuwa sai da ta ga nata. A gasar Mille Miglia ta 1957, wadda ake yi a kan titunan ƙasar, tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe kusa da Guidizzolo. Ya mutu tare da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Daga nan aka daina gasar. An gurfanar da Enzo Ferrari, kotu ta wanke shi a 1961. Wanda ya lashe wannan gasa ta ƙarshe shi ne Piero Taruffi, mai motar TARF.

Abin da ya biyo baya

Siffar jiki biyu ba ta samu gindin zama a tsere ba. Kamfanin OSI na Turin ya sake gwada ta a 1967 da motar Silver Fox, amma ba ta shiga gasa ba. Injiniyoyi sun ɗauki wata hanyar: maimakon su guje wa iska kawai, sai suka koyi sa ta aiki, ta hanyar fukafukan da ke danne mota ƙasa. Motar Chaparral ta Amurka ta nuna amfanin hakan a 1966, motocin Formula One suka bi sahu a 1968. Da wannan aka warware matsalar da ta kayar da Bisiluro, domin mota mara nauyi ta samu abin da zai manne ta da kwalta. Dokokin tsere na yau sun ƙayyade mafi ƙarancin nauyin da mota za ta kasance da shi, kuma tun 1990 aka katse miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne da kwanoni biyu domin rage gudu. Har yanzu dai ajujuwa daban-daban na gudu tare a Le Mans.

Nardi ya karkata ga sana'ar sitiyari da kayan ƙara wa mota ƙarfi, ya rasu a 1966, sitiyarin da ke ɗauke da sunansa kuwa ana ƙera shi har yau. Mollino ya koma ga gine-gine. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne sabon gidan wasan Teatro Regio na Turin, wanda gobara ta cinye tsohonsa a 1936, aka buɗe sabon a 1973, 'yan watanni kafin rasuwarsa. A 2005 aka yi gwanjon wani teburi da ya zana a New York a kan dala miliyan 3.8.

Ƙananan garejojin da suka haifi irin Bisiluro sun yi ta rufewa ko sauya sana'a a shekarun da suka biyo baya, yayin da tsere ya koma hannun masu jari da ɗakunan gwajin iska. Ita kuma motar tana Milan, a gidan tarihin da ke ɗauke da sunan Leonardo da Vinci, cikin jiragen ƙasa da na sama da na ruwa da Italiya ta ƙera.